Daga Kano Zuwa Damagaram a Kan Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kekunan da suka daɗe a jingine cikin zaurukan Kano suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya ana kakkaɓe musu ƙura, har ya zamana malaman makaranta da ƙananan ma'aikata, waɗanda a da suka bar wa yara da masu kai kayan gwari kasuwa hawan keke, sun komo masa ba tare da jin nauyin kowa ba. Ina cikin waɗanda suka komo. Da na ga ƙafata ta sake sabawa da feda, sai wani tsohon buri ya motsa mini, watau in kai ziyarar zumunci ga dangin mahaifiyata da ke Damagaram ta hanyar da fatake suka yi shekaru aru-aru suna bi, in kuma bi ta sannu a hankali yadda idona zai ƙoshi da ƙasa, tunda mota fizgar mutum take yi ta dire shi bai san abin da ya wuce ba. Wani aminina, malamin Islamiyya mai tsohon keke ƙirar Phoenix, ya ce ƙafarsa ƙafata.

Keken nawa irin na da ne, mai taya inci 28 da birkin sanda. Gangar jikinsa ta Raleigh ce, ƙirar Nottingham ta ƙasar Ingila, amma ƙafar baya ba tasa ba ce ta asali, domin da waccan ta gaji na sayi wata a kasuwa, wadda hob ɗinta, watau tulun ƙarfen nan na tsakiya inda sifoki suke haɗuwa, ba shi da suna, ba shi da tambari, ba a ko rubuta ƙasar da aka ƙera shi ba.

Muka bar Kano bayan sallar asuba, kaka ta wuce, hunturu ya fara kankama. Muka bi ta Kurna, muka rabu da hanyar Katsina a Mil Tara, muka miƙa arewa muka nufi Ɗambatta. Wanda zai yi arewa a wannan lokaci ya sani iska a fuskarsa take, gama daga arewa maso gabas take tasowa da ƙurarta, saboda haka muka riƙa cin tafiya da sanyin safiya da na la'asar, in rana ta take mu nemi inuwa mu yi ƙailula. Da yake nisan da muka nufa ya zarce buruda huɗu, wato mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, sai muka riƙa yin ƙasaru, aminina na limanci. A Kazaure, garin Ɗantunku, wanda yanzu yake cikin Jihar Jigawa tun 1991, wani abokin karatuna ya sauke mu. Uwargidansa ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka da man shanu soyayye, da safe kuma koko da ƙosai, ya rako mu har bayan gari inda duwatsu suka fara ja da baya.

A Daura mun sauka a zauren wani malami da aminina ya taɓa yin karatun Risala a gabansa. Ba mu yarda mun wuce ba sai da muka je rijiyar Kusugu, wadda labarin kaka da kakanni ya ce a nan Bayajida ya kashe macijiyar da ke hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, aka jawo guga muka sha. Abin da ya fi tsaya mini a rai a garin shi ne natsuwarsa, domin mutumin da ya saba da hayaniyar Kano yakan yi zaton duk tsohon birni haka yake, alhali ga uwar Hausa Bakwai nan tana zaune lafiya lau, kowa ya san kowa, baƙo kuwa tun daga bakin titi ake tambayarsa gidan wa ya nufa.

Bayan mun fita Daura ne na fara jin wani ƙas-ƙas daga ƙafar baya, da fari sai in na taka da ƙarfi, daga baya kuma ko na saki feda. A Kwangwalam, cikin ƙasar Mai'aduwa, aka duba takardunmu, aka sake dubawa a Ɗan Barto wajen jandarmomi da 'yan duwan, muka wuce. Turakun wannan iyaka tsakanin 1906 da 1908 Ingilishi da Faransi suka kafa su, amma harshe ɗaya ne, gaisuwa ɗaya, gero ɗaya a rumbu. Bambancin da matafiyi zai fara ji a aljihunsa yake. A can da dala ake lissafi, dala ɗaya faran 5, jaka ɗaya kuwa dala 200, watau faran 1000. Tun 1999 sefa a ɗaure take da kuɗin Turai a kan farashi ɗaya, faran 655.957 ga yuro guda, ita kuwa naira a lokacin sai sauka take yi, saboda haka damin takardun da muka miƙa wa ɗan canji ya dawo mana da 'yan ƙalilan, muka riƙa lissafa kowane kofin shayi sau biyu, sau ɗaya da kuɗinsu, sau ɗaya da namu.

Kafin mu kai Matamaye ƙas-ƙas ya zama gurnani. Na sauka na kama taya na girgiza, sai ga ƙafar tana kaɗawa hagu da dama cikin gangar keken, hob kuma ya ɗau zafi. Sauran tafiyar da turi muka ƙarasa ta.

Mutanen tasha suka nuna mana wani dattijo mai gyara a gindin darbejiya, da yaronsa ɗaya, da akwatin katako, da bais da aka kafe a kan kututture. Muka yi sallama, ya amsa, ya ce yaron ya kawo mana ruwa da benci tun kafin ya dubi keken. Da ya ɗaga ƙafar ya juya ta, ya kanga kunnensa kusa da sirdi, sai ya ce, "Malam, boris ya fashe. Allah ya sa bai ci kofin ba." Na ce, "Baba, hob ɗin ba shi da suna, ko za a sami kayansa a nan?" Ya ce, "Bari mu buɗe tukuna. Abin da ke ciki shi zai faɗa mana ko ɗan wane ne."

Abu na farko da ya yi shi ne shimfiɗa buhu a ƙasa, domin ƙwayar boris in ta faɗa cikin rairayi ta tafi ke nan. Ya kifa keken a kan sirdi da kansa, ya kwance notin ƙafa biyu, ya sassauta 'yan ƙarafan da ke jan sarƙa, ya kawar da robar birki, ya zare ƙafar. Sa'an nan ya fuskanci firiwil, wanda yake ɗaure a gefen dama. Shi firiwil kowane taki na feda ƙara ɗaure shi yake yi, don haka wanda ya daɗe a jiki ba ya fita da lallashi. Dattijon yana da wani ɗan ƙarfe mai haƙora biyu da maƙeri ya yi masa, ya damƙe shi a bais, ya kifa ƙafar a kai har haƙoran suka shiga gurbinsu, shi da yaron suka kama taya suka murɗa hagu da ƙarfi ɗaya, sai ji muka yi ƙau, ya saki.

Daga nan aikin ya koma na natsuwa. Aksul, watau sandar da ta ratsa cikin hob, tana ɗauke a kowane gefe da kon, wani noti mai sulɓi da ya tsuke a baki wanda boris ke gudu a kansa, sai washa, sai notin kulli da ke hana kon motsi. Dattijon ya zaɓi gefen hagu kaɗai ya kwance, ya bar na dama yadda yake, ya kuma gaya wa yaron dalili a gabana: muddin gefe ɗaya bai motsa ba, aksul zai koma mazauninsa daidai, ƙafar ba za ta karkata ba, sarƙa kuma ba za ta sauka daga layinta ba. Ya riƙe kon da wata sifana mai lamba 15 wadda shi da kansa ya goge ta da zarto har ta yi siriri, gama sifanar kasuwa ta yi kauri ga wannan gurbi, ya karya notin kulli da lamba 17. Duk abin da ya cire sai ya zura shi a jikin wani tsohon sifoki bi da bi, noti, washa, kon, yadda in an zo mayarwa ba sai an yi gardama da ƙwaƙwalwa ba.

Ya zare aksul ta dama a hankali, tafin hannunsa a ƙarƙashi. Ƙwayoyi 9 suka fito daga gefen dama, daga hagu kuwa 8 da ɓaraguzan ta tara. Giris ɗin da ya kamata a tarar a ciki ya bushe ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya, ya haɗu da ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe maimakon ya kare shi. Yaron ya zuba kananzir a gwangwanin madara ya wanke kome, ya cusa tsumma cikin hob ya goge har kofuna biyu, watau ramukan nan masu sulɓi da boris ke kwanciya a ciki, suka fito fes. A nan ne na ga dattijon ya yi shiru. Ya karkata ƙafar ga hasken rana, ya bi zoben da boris ya shata a cikin kofi da kan biro, a hankali, yana sauraron hannunsa, domin ƙaramin ramin da ido bai gani ba kan biro zai yi tuntuɓe da shi. Ya yi na dama, ya yi na hagu, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi, kofi lafiya." Ya bayyana mini cewa kofi a matse yake cikin jikin hob, in ya rarake magana ta ƙare, sai dai a warware sifoki duka a ɗinka sabon hob, shi ma sai an sami mai huda daidai da gare, gama ƙafar baya ta tsofaffin kekunan Ingila sifoki 40 gare ta, na yanzu kuwa galibi 36. Aksul ma ya gwada shi, ya mirgina shi a kan ɓallin gilashin mota, ya tafi sumul ba tsalle, alamar bai lanƙwashe ba. Kon na hagu ne ya ci wuya, zobensa duk ya yi tabo.

Neman madadinsa ya fi kome cin lokaci, kuma a nan ne rashin suna ya nuna illarsa. Da hob ɗin na wani kamfani ne sananne, da sai a ce a kawo kon irin na wane. Dattijon ya juye wata tsohuwar gwangwanin alewa cike da kon da ya tara daga ƙafafun da suka mutu, ya riƙa ɗaura su a aksul ɗaya bayan ɗaya da yatsa kawai. Aksul na irin kekunanmu kaurinsa kashi 3 cikin 8 na inci ne, da zare 26 a kowane inci, na kekunan zamani kuwa milimita 10, kuma kusancin da ke tsakaninsu shi ke yaudarar mai gaggawa: wani kon ya shiga yana rawa, wani ya cije tun a baki, wanda duk ya sa sifana ya tilasta shi ya kashe zaren aksul. Bayan zare sai an duba tsawo, da lanƙwasar bakin, da ko zai cika murfin da ke tare ƙura. Ya ware uku, ya jera su kusa da tsohon a kan tafin hannunsa, ya mayar da biyu.

Boris kuwa bai yarda a haɗa tsoho da sabo ba, ko da yake na dama 9 ɗin nan a idona lafiyarsu ƙalau. Ya ce wanda ya sha tafiya ya rage, in an gama su sai sabbin su ɗauke nauyi su kaɗai su mutu da wuri. Ya aiki yaron ya sayo 18 daga ƙulli ɗaya, masu rubu'in inci, gama su ne na baya, na gaba sun fi ƙanƙanta. Ya shafe kowane kofi da giris mai kauri, ya dasa ƙwayoyin da yatsa suna mannewa, 9 a nan, 9 a can, da ɗan gurbi da ya rage wanda ya gargaɗi yaron kada ya kuskura ya cusa ta goma a ciki. Na tambaye shi game da baƙin man inji da na ga ana ɗiga wa hob a wurare da yawa a gida. Ya ce wannan na sarƙa ne in an rasa wani, a hob kuwa tsiyayewa yake yi ya bar ƙura.

Saura ɗauri, wanda a ganina shi ne ainihin ilmin wannan sana'a, domin ba ya cikin sifana, yana cikin yatsu. Ya mayar da aksul ta dama, ya ɗaura kon da hannu har ya taɓa boris, ya ɗan komo da shi baya kaɗan, ya riƙe shi da siririyar sifana ya ƙulle noti a kansa. Ya murza aksul tsakanin yatsa biyu, ya ji ya yi tauri, gama ƙullin noti yakan ƙara tura kon ciki, sai ya kwance ya sake. Ya sake ji, wannan karon da ɗan rawa, ya sake kwancewa. Bai gaji ba, bai kuma ce ya isa haka ba, har ya kai ga matsayin da aksul ke juyawa sumul, in an girgiza shi kuma ba ya motsi. Da ya mayar da firiwil ya ɗora ƙafar, kafin ya sa sarƙa ya kawo bawul sama ya saki, sai ƙafar ta gangara da kanta saboda nauyin bawul kawai, ta yi lilo gaba da baya ta tsaya.

Na biya dala 40 na boris, dala 60 na kon, na aiki kuma ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa. Duka bai kai jaka ɗaya ba, alhali sabuwar ƙafa sai ta ci ninkin wannan sau da yawa. Magariba ta riske mu a nan, da muka tambayi masauki sai ya ce, "Haba Malam, baƙon da ya zo gindin itacena ya kwana a tasha?" Muka yi salla a masallacin unguwarsu, aka kawo tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa, da fura mai nono, da rake irin na fadamun wannan yanki. Bayan lisha yaron ya hura gawayi ya dafa shayi a 'yar buta, zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, abin da ya fi shayinmu na madara da burodi jan hira.

A cikin hirar aminina ya kawo maganar da malaman fiƙihu suka yi, cewa sana'o'in da jama'a ba ta wadatuwa da barinsu suna cikin farillan kifaya, in kowa ya bar su kowa ya yi laifi. Ban taɓa jin nauyin wannan hukunci kamar daren nan ba, domin a ƙauyukan da muka ratsa keke shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko jarkar ruwa, shi ke kai buhun gero kasuwa. Game da kaya marasa suna kuwa, ra'ayina shi ne ba dukansu ne na banza ba, ga shi kofin nawa ya jure abin da ya same shi. Aibinsu garari ne: mai saye bai san abin da ke ciki ba, in kuma an yi masa algus babu wanda zai kama. Dattijon ya ce sau da yawa irinsu sukan zo daga masana'anta da ɗan giris kaɗan da ɗauri mai tsanani, shi ya sa yake buɗe sabo tun bai taka ƙasa ba. Duk da haka ya fi son su a kan na zamani masu rufaffen boris, waɗanda in sun lalace sai an samo mai lambarsu daga birni, gama wannan tsohon tsari na kon da kofi kowane mai gyara a kowane ƙauye yana iya buɗe shi ya rayar da shi.

Da safe aka kawo kunu da dogon burodin nan irin na Faransi, muka yi ban kwana, ya bi mu da addu'a. Daga Matamaye zuwa Kance gonaki cike suke da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. An ce sarakunan Damagaram na da sun tsananta horo a kan mai sare shi, manoman yanzu kuma suna barin 'ya'yansa su tashi a gona, abin da na yi fatan a ce gonakinmu na kewayen Kano sun riƙe kamar haka. A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai, muka yi gabas, muka wuce Tirmini inda sojan Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a 1899. Ƙafar baya ba ta sake cewa uffan ba.

Manyan duwatsu masu sulɓi su suka fara yi mana maraba da Damagaram. Dangi suna Birni, kusa da fadar Sarki, cikin lungunan da ganuwar Sarki Tanimu ta kewaye a da, Zango kuwa, mazaunin fatake, yana daga arewa da gidajensa masu zanen ado a fuska. Nan ne babban birnin mulkin Faransa a Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. An karɓe mu da yanka da kilishi da kukan murna na tsofaffi, sai dai na lura da yadda ake tattalin ruwa, buta ɗaya ta alwala ba a zubar da saurarta, gama ƙarancin ruwa tsohon ciwon garin ne. Ran Alhamis na shiga Kasuwar Dole wajen masu kayan keke, na tarar yawancin kayan ta Kano suka biyo, hob marasa suna tuli a cikin kwali, farashinsu kuwa in an juya shi zuwa naira ya ɗara na gida.

Wanda duk ya yi niyyar bin wannan hanya da keke, ina ba shi shawara ya kai ƙafar baya a buɗe masa hob a gabansa kafin ya tashi, ko da sabuwa ce, ya kuma maimaita haka kowace shekara bayan ɗaukewar damina. Ya sa boris 18 masu rubu'in inci da ɗan giris a gwangwani cikin jakarsa, ya canza kuɗinsa tun a bakin iyaka, in kuma ya ji ƙas-ƙas daga baya ya sauka ya tura, domin kon ana iya samun madadinsa, kofi kuwa in ya rarake sai sabon hob.